Me ke sa mota rasa ƙarfi a doguwar tafiya?

Ba ƙaramar barazana ba ce mota ta rasa ƙarfi a tsakiyar babbar hanya, musamman idan hakan ya zo daidai lokacin da direba ya fito domin wuce tirela.

Abin da ya fi ɗaure wa masu motoci kai shi ne matsalar da ke zuwa tana tafiya. Mota za ta yi mako guda tana zirga-zirga a cikin gari lafiya lau, amma da zarar an yi sa'a biyu ko uku a kan hanya, sai ta soma fizga ko ta mutu. Bayan an ɗan huta kuma sai ta tashi kamar babu abin da ya faru.

Idan aka kai ta gareji, sau da yawa makaniki ba ya ganin komai, domin a lokacin injin ya huce. Daga nan ne akan shiga sauya kayayyaki bisa kirdado, kuɗi na tafiya matsalar na nan.

Zafi ne kan tono laifin

Bambancin tafiyar cikin gari da tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri, mai nisan kusan kilomita 600, shi ne tsawon lokacin da kowane sashe na mota ke ɗauka cikin zafi ba hutu.

A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a arewacin Najeriya da kudancin Nijar yakan haura digiri 40, ga kuma zafin injin kansa wanda ke aiki a wajen digiri 90.

Ƙarfe yakan buɗe idan ya ɗauki zafi. Saboda haka siririyar wayar da ta soma tsinkewa a cikin koyil ko wata na'ura tana iya haɗuwa da safe, ta rabu da rana, ta sake haɗuwa bayan ta huce.

Wannan ne ya sa direba ya zama babban mai shaida. Yadda ƙarfin ya tafi shi ne ke nuna inda za a fara bincike.

Idan mota na fizga a hawa

Motar da ke fizga ko ta ƙi jan totur a wajen hawa ko wajen wuce wata mota, amma ta daidaita idan aka sassauta ƙafa, galibi mai ne ba ya isa injinta.

Abin zargi na farko shi ne famfon mai. A mafi yawan motocin zamani yana cikin tanki ne, kuma man fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Idan famfon ya tsufa, ƙarfinsa yakan ragu yayin da ya ɗauki zafi.

Tsadar mai, musamman bayan janye tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023, takan sa a kama doguwar hanya da ɗan abin da ya sawwaƙa a tanki. Mai kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma famfon na iya zuƙar iska a kwana ko a gangara.

Idan matsalar takan ɓace a duk lokacin da tanki ke cike, to an sami babbar alama.

Matatar mai da ta toshe ita ma takan jawo haka, kazalika gurɓataccen mai. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, lamarin da ya sa masu motoci da dama suka koka. Man da ake saya a galan a bakin hanya kuwa yana iya zuwa da ruwa ko datti.

Akwai kuma toshewar hanyar da iska ke shiga tanki. Idan an buɗe murfin tanki aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, sa'annan motar ta dawo daidai, to a duba wannan hanya.

Hujjar da ba ta ƙarya ita ce gwajin ƙarfin turin mai. A motocin fetur masu injekta na yau da kullum yakan kasance tsakanin ba 3 zuwa 4, kuma ya kamata a auna shi ne lokacin da injin ke da zafi.

Idan ta mutu farat ɗaya

Motar da ta ɗauke nan take, tamkar an murɗa makulli, ta fi nuna matsalar lantarki.

A nan akan fara da ƙaramar na'urar da ke sanar da kwamfutar mota yadda inji ke juyawa, wadda makanikai ke kira sansar karanshaf. Idan saƙonta ya yanke, kwamfutar takan dakatar da wuta da mai gaba ɗaya.

Alamarta ita ce allurar da ke nuna juyawar inji ta faɗi ƙasa a take, motar ta ƙi tashi duk da cewa kik na juyawa, sa'annan ta tashi bayan ta huce.

Idan kuma fitilun gaban direba da rediyo suka ɗauke tare da injin, sai a koma kan batir da ya yi sako-sako, ko wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ko wurin makulli.

Na'urar da ke cajin batir ita ma abin dubawa ce. Batir mai lafiya yakan nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, ya koma tsakanin 13.5 zuwa 14.5 idan tana aiki.

Idan ƙarfin na raguwa sannu a hankali

Wani lokaci injin ba ya mutuwa, sai dai gudu ya riƙa raguwa komai taka totur.

Hakan na iya zama toshewar matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai a Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi. Injin da ya kasa fitar da hayaƙi ba zai iya shaƙar isasshiyar iska ba. Haka ma matatar iska da ƙurar hunturu ta cika.

Yana kuma iya zama kwamfutar motar ce da kanta ta taƙaita ƙarfin injin domin kare shi, bayan ta hango zafi ya yi yawa a inji ko a giya, ko wata na'ura ta ba ta saƙon da bai dace ba. Kashe motar da sake tayar da ita yakan kawar da alamar, amma ba ya kawar da dalilin.

Kwamfutar mota na ajiye shaida

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, da 2004 ga na dizal.

A ƙarƙashin wannan tsari kwamfutar kan ajiye lambar matsala, tare da bayanin gudu da zafin inji a lokacin da abin ya faru.

Lamba P0335 na nuni ga sansar karanshaf, P0087 ƙarancin turin mai, P0300 kuma rashin kamawar wuta a inji, wanda kan samo asali daga fulogi ko koyil.

Lambar tana nuna ɓangaren da za a bincika ne kawai, domin laifin na iya zama na waya ko soket. Kuma cire kan batir kafin a karanta lambar na iya goge shaidar.

Wani lokaci daga kamfani ne

A 2014 kamfanin General Motors ya janye motoci kimanin miliyan 2.6 saboda wurin makulli da kan juya da kansa ya kashe inji ana cikin tafiya. Asusun diyya da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124 a sanadin haka.

A 2020 Toyota ya janye ɗimbin motoci saboda famfon mai da kan tsaya, yayin da Honda ya janye fiye da miliyan 2.5 a Amurka a watan Disamban 2023 bisa irin wannan dalili.

Da yake ana shigo da motocin hannu da yawa daga Amurka ta Legas da Kwatano, mai mota na iya sanya lambar jikin motarsa mai alamomi 17 a shafin intanet na hukumar NHTSA ta Amurka, domin ganin ko akwai gyaran da ba a yi mata ba.

Abin yi a kan hanya

Idan inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari yakan yi nauyi amma yana juyawa, birki kuma yakan rage da taimakon taku ɗaya ko biyu kafin ya yi tauri.

Don haka abin da ya dace shi ne direba ya kunna fitilun gargaɗi, ya gangara gefen hanya, ya taka birki ya riƙe ba tare da yawan ɗagawa ba. Kada ya zare makulli, domin sitiyari na iya kullewa.

Bayan tsayawa a ajiye alamar gargaɗi nesa da bayan motar, fasinjoji su kauce daga titi, kuma kada a buɗe lagireto yana da zafi. Idan fitila mai siffar inji tana ƙyaftawa, ci gaba da tafiya na iya ƙona matatar hayaƙi.

Daga nan sai direba ya rubuta tsawon tafiyar da aka yi, da yawan man da ke tanki, da inda allurar zafi take, da fitilun da suka kama, da kuma mintunan da motar ta ɗauka kafin ta tashi.

Makanikin da aka miƙa wa wannan bayani, aka kuma nemi ya gwada motar tana da zafi, ya fi kusa da gano laifin tun kafin a sayi ko da fulogi ɗaya.