Murar da Ke Kayar da Mai Ƙiba da Mai Ciwon Suga

 

Kun sha gani: mura ta shigo gida ta bi kowa, yara su yi kwana uku suna atishawa su miƙe, amma Hajiya ko uwargida ta kwanta, har a kai ga ɗaukarta ranga-ranga zuwa asibiti. Murar ɗaya ce, jikin da ta tarar ne ya bambanta. Yau za mu duba yadda ake gane wadda mura za ta iya kayarwa tun kafin ta kamu.

A 2009, lokacin murar aladu, likitoci suka lura cewa masu ƙiba sosai sun fi yawan shiga mawuyacin hali. Da korona ta zo, wadda aka fara samu a Nijeriya a Legas cikin Fabrairun 2020, sai abin ya ƙara fitowa fili: bayan tsofaffi, masu ƙiba, masu ciwon suga da masu hawan jini na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Me ya sa? Kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa, ba ya barinsa ya buɗe sosai, musamman in an kwanta rigingine. Kitsen kuma ba zaman banza yake yi ba, yana sakin wasu sinadarai masu sa kumburi a cikin jiki, to in cuta ta shigo sai wutar ta ƙara ruruwa. Shi kuwa suga in ya yi yawa a jini, yana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Ga kuma haɗarin daskarewar jini a jijiyoyi.

Akwai awo uku da za ki san matsayinki da su. Na farko a ɗakinki ma za ki iya yi. Ɗauki tef ɗin ɗinki ki zagaya cikinki wajen cibiya. In ya wuce santimita 88, wato kusan inci 35, kitsen ciki ya yi yawa. Na biyu, nauyi da tsawo: mace mai tsawon mita 1.6 in ta kai kilo 77, ta shiga sahun masu ƙiba a lissafin likitoci. Na uku, gwajin suga da safe kafin a karya. In ya kai 126 ko fiye, kuma aka maimaita ya sake nuna haka, ciwon suga ne. Da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. In shekaru sun ja, ko akwai hawan jini, ko juna biyu, haɗarin ya ƙaru.

To idan murar ta riga ta kama fa? A lura da numfashi. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ki sa agogon waya ki ƙirga yadda ƙirjin ke ɗagawa. In ya wuce 20 a sa ido, in ya kai 30 babu sauran jira. Haka nan in tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko ƙirji na ciwo, ko ta fara ruɗewa da yawan barci, ko zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da ƙarfi. Korona ta koya mana cewa wasu sai a mako na biyu suke rikicewa, lokacin da ake zaton an samu sauƙi.

Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa tana auna iskar da ke cikin jini. Mai lafiya tana nuna 95 zuwa sama. In ta sauka zuwa 92 ko ƙasa, a nufi asibiti ko da marar lafiyar ta ce ba ta jin komai. Amma jan farce da hannu mai sanyi na rikita ta, kuma a baƙar fata irin tamu takan nuna sama da gaskiya. Don haka in lamba ta yi kyau amma ana haki, a bi hakin.

Mai ciwon suga ta sani, rashin lafiya na ɗaga suga ko da ba ta cin abinci sosai. Kada ta bar allurarta don kanta, ta riƙa shan ruwa, ta yawaita gwaji, ta tuntuɓi likita kan ƙwayoyinta.

Sai maganar da ba a so a faɗa: ƙwayoyin ƙiba da ake saya a kemis, irin su "sha ka fashe". Wasu na ɗauke da dexamethasone, wanda ke ɗaga suga ya kuma raunana garkuwar jiki. Gaskiya ne a 2020 bincike a Ingila ya nuna yana ceton masu korona, amma waɗanda ke kwance a asibiti ana ba su iska. Shan sa a gida neman wahala ne.

'Yar uwa, kada ki bari sai dare ya tsala ana neman izini da abin hawa. Tun kina lafiya ki zauna da maigida ki nuna masa awonki, ku yi shawara: in ba ya nan kuma numfashi ya sarƙe, wa zai kai ki, wane asibiti, da wane kuɗi. In hunturu ya shigo, a rage shaƙar ƙura da hayaƙin murhu, a riƙa buɗe taga, mai mura ta ɗan nisanci tsohuwa da mai suga.

Nan za mu dakata. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa.