Yadda Jiki Ke Tuna Cutar Da Ya Taɓa Gani

A ziyarce-ziyarcen da muke kaiwa ƙauyuka, akwai tambayar da iyaye mata ba sa fasa yi mana a taron zumunta: in an yi wa yaro allurar rigakafi sau ɗaya, don me za a ce a komo da shi har sau uku? Amsar tana cikin jininmu.

A cikin ɓargo ne jiki ke yin waɗansu fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira ƙwayoyin B. Suna da yawan gaske, amma kowace ɗaya siffar baƙo guda kaɗai ta sani, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Idan cuta ta shigo, 'yan kaɗan ne cikinsu za su dace da ita. Sai su kama ta, waɗansu ƙwayoyin da ake kira T su taimaka masu, sa'an nan su shiga hayayyafa. Kaluluwar da kan fito a wuya ko a hamata sa'ad da mutum ke ciwo, sau da dama alamar wannan aikin ce.

Daga nan sai su rabu biyu. Kashi na ɗaya su zama kamar maƙera, suna ƙera sinadarin garkuwa dubbai a kowace daƙiƙa, suna zubawa cikin jini. Sinadarin yakan manne wa ƙwayar cutar, ya hana ta shiga naman jiki, ya kuma tona asirinta ga masu cinye ta. Sai dai a karo na farko aikin kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tsakanin ne cuta ke kayar da ƙaramin yaro. Kashi na biyu kuwa ba sa faɗa, ajiye kamannin cutar suke yi. Ranar da ta komo, cikin 'yan kwanaki za su tashi, da garkuwa mai yawa wadda ta fi ta dā kama cutar.

Wannan tunawa tana daɗewa ƙwarai. Ƙyanda ta shiga tsibiran Faro da ke arewacin Turai a 1781, ba ta sake komowa ba sai 1846. Wani likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya tarar ta kwantar da yawancin mutane, amma tsofaffin da suka yi ta shekara 65 baya ba ta taɓa su ba.

To, kada wani ya ce ai gara a bar yaro ya yi ƙyandar ya huta. Ba mu yarda da wannan ba ko kaɗan. Ƙyanda na kisa, tana makantarwa, kuma bincike a 2019 ya nuna tana share tunawar da jiki ya tara game da sauran cututtuka.

Allurar rigakafi tana nuna wa ƙwayoyin B cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɓangarenta. Ta farko gabatarwa ce. Na baya ne ke ƙarfafa tunawar. Shi ya sa ake yin ta mashaƙo da tarin shiƙa a mako na 6, na 10 da na 14. Ta ƙyanda kuwa akan jira wata 9, domin garkuwar da jariri ya samo daga uwarsa tun yana ciki takan hana allurar kamawa, sai a ƙara ta biyu a wata 15.

'Yan'uwa, in damina ko tafiya ta sa kun tsallake rana, ba sai an soma daga farko ba. Ku ɗauki katin yaron ku kai shi asibiti, za a ɗora daga inda aka tsaya.