Faifai Ya Dawo da Ƙungiyar WITCH ta Zambiya, Mu Ina Namu?

A shekarar 2023 wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Zambiya mai suna WITCH ta fitar da sabon kundin waƙoƙi, Zango, bayan shekara 39 rabonta da fitar da wani. Jagoranta, Emmanuel Chanda, wanda ake wa laƙabi da Jagari, ya riga ya haura shekara 70, kuma kafin nan ya daɗe yana haƙar duwatsu masu daraja a daji don ya ciyar da iyalinsa. Mai karatu a Boɗinga ko Shagari zai iya cewa ina ruwansa da masu jita na wata ƙasa mai nisa. Akwai ruwansa ƙwarai, domin abin da ya tayar da ƙungiyar nan bayan an gama cire rai da ita shi ne abin da makaɗan ƙasar Sakkwato suka fi rasawa: muryar da aka ɗauka, aka adana, aka kuma san mai ita.

Irin kiɗan nasu ya samo asali ne daga Amurka a shekarun 1960, lokacin da samari huɗu ko biyar kan taru a ɗakin ajiye motar gidansu da jita mai lantarki da ganguna masu arha, su yi ta bugawa da ƙarfi ba tare da wani kamfani ya tsaya musu ba. Sautin kan fito da kaushi da gurnani, kuma kaushin ne masoyansa ke nema. A Zambiya, wadda ta sami 'yancin kai a 1964, kiɗan ya tarar da kuɗin tagulla na yawo a garuruwan ma'adinai, leburori na karɓar albashi suna neman wurin shaƙatawa. A Kitwe, ɗaya daga cikin garuruwan, aka kafa WITCH a farkon shekarun 1970. Faifansu na farko, Introduction, su suka ɗauki nauyinsa. An buga shi a Nairobi ta Kenya, suka riƙa sayarwa hannu da hannu a wuraren wasa. Da Shugaba Kenneth Kaunda ya umarci gidan rediyon ƙasar ya cika kashi 95 cikin 100 na kiɗansa da na gida, sai kasuwarsu ta buɗe, faifansu na 1975, Lazy Bones, ya zama wanda aka fi saninsu da shi.

Faɗuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Farashin tagulla ya karye a tsakiyar shekarun 1970, aljihun masu zuwa kallo ya bushe. Yaƙin neman 'yanci a maƙwabciyarsu Rodeshiya ya jawo dokar hana fitar dare, alhali makaɗi da dare yake cin abinci. Jagari ya bar ƙungiyar ya kama aikin koyarwa, sauran suka koma kiɗan disko tare da Patrick Mwondela har zuwa faifan Kuomboka na 1984. Daga nan cutar ƙanjamau ta shiga cikin mawaƙan Zambiya ta yi mummunar ɓarna, har aka wayi gari Jagari kaɗai ya rage cikin waɗanda suka fara tafiyar. Da a ce waƙoƙin a bakin mutane kawai suke, da nan labarin ya ƙare. Amma faya-fayan suna nan a akwatunan tsofaffi da hannun masu tara kayan da. A 2012 kamfanin Now-Again na Amurka ya sake fitar da su a haɗe, matasan Turai suka ji suka tashi neman mai muryar, wani ɗan Italiya, Gio Arlotta, ya yi fim a kansu wanda ya fito a 2019, Jagari da Mwondela kuma suka koma dandali tare da samarin makaɗa irin su Jacco Gardner na Holan. Duk wannan jerin alheri a kan abu guda ya rataya: akwai abin da za a saka a kunna.

Wani zai ce wannan ai ba haɗuwar tsohuwar ƙungiya ba ce, tsoho ɗaya ne aka kewaye da baƙi ana cin kasuwa da tsohon suna. Bahaushe ne ya fi cancanta ya ƙi wannan magana, domin ƙungiyar kiɗa a wurinmu ba ta taɓa zama jerin mutanen da ba sa sauyawa ba. Musa Ɗanƙwairo ya taso ne a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda, ya yi wa yayansa Abdu Kurna amshi kafin jagoranci ya zo hannunsa, da ya rasu a 1991 kuma 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba. Haka Sani Ɗandawo ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo. 'Yan amshi suna zuwa suna tafiya, abin da ke riƙe sunan shi ne waƙoƙin da salon da kuma wanda ya koya daga tushe. Bambancin kawai shi ne, gadon gida ne ke ceton makaɗan fada, su kuwa ƙananan ƙungiyoyi masu cin gashin kansu, masu kalangun biki da kiɗan noma da na dambe, sau da yawa ba su da magaji. Irinsu ne suka yi kama da WITCH, kuma su ne faifai kaɗai zai iya ceta.

Akwai suka ta biyu da ta fi nauyi: sai da Bature ya yaba sannan aka tuna da Jagari, kuma kamfanonin waje ne suka buga faya-fayan. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Sai dai laifin ba na wanda ya zo ya tsinta ba ne, na masu gidan da suka yar ne. Kamfanin nan na Now-Again ya tattara waƙoƙin masu jita na Nijeriya na shekarun 1970 ya fitar a 2016, mu kuwa matasa nawa ne a yau suka san Bala Miller da ƙungiyarsa ta Kaduna? Idan ba mu son baƙo ya zame mana mai ba da labarin kakanninmu, maganin shi ne mu riga shi ajiya.

Yanzu a dubi yadda muke ajiyar. Kaset na kwance a ƙasan adaka, zafin bazara ya narkar da zarensa, ƙurar hunturu ta shige shi, in rikoda ta tauna shi sai a sa biro a naɗe a liƙe da abin da ya samu. Wanda ya tsira ya koma hannun masu tura waƙa a memori a rumfunan kasuwa, inda ake zuba wa mutum waƙoƙi ɗari babu sunan makaɗi, babu shekara, babu garin da aka yi wasan, ko sisi kuma ba ya isa ga iyalan mai waƙar. Mai ganin kiɗa ba abin tattali ba ne a ƙasar malamai, sai ya tuna cewa cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakunan noma da gwanayen dambe da tarihin garuruwa da tsantsar Sakkwatanci wanda babu littafin da ya kama shi. Yankin nan kuwa ya san darajar adana magana tun da daɗewa. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna, Malam Abdullahi a Boɗinga, kuma waƙoƙinsu da na Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun kwafa sun ɓoye. Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari ma bugawa ce ta raya ta. Waƙar baka ce aka bari babu mai kwafa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Gidan Rediyon Rima da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da masu nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya haɗa hannu da ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su karɓi aron tsofaffin kaset, a juya su a kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da 'yan amshinsa da garinsu, a mayar wa masu su, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan haƙƙin magada. Tsofaffin 'yan amshin da ke raye a zauna da su tun suna iya tuna baiti. Kai kuma mai karatu, in akwai kaset ɗin wani makaɗin garinku a gidanku, kada ka bari yara su yi wasa da shi. Fito da shi, ka tambayi manya sunan mai waƙar, ka rubuta a jiki, ka kai a juya tun bai lalace ba.