Shirin Musamman: Amana, Littafi da Na'ura a Kasuwancin Hausawan Fatakwal, Anacha da Inugu

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

MAI GABATARWA: Yau za mu gangara kudu ne, wajen 'yan uwanmu da ke neman halaliyarsu a Fatakwal da Anacha da Inugu. Maganar da za mu tattauna ita ce yadda ake tafiyar da harkar kasuwanci daki-daki, da wanda ke da ikon yanke hukunci a kowane mataki, da kuma sabon baƙon da ke ƙwanƙwasa ƙofa, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake naɗawa wakilci ta yi aiki a madadin mutum. Ku gyara zama.

[KIƊA YA LAFA]

Zaman Bahaushe a wannan yanki ba na jiya ba ne. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo tsakanin Inugu da Fatakwal a 1916, aka haɗa shi da Arewa ta Kafanchan a 1927, sannan aka gama gadar Makurdi a 1932. Shanu da wake da albasa suka bi wannan hanya zuwa kudu, manja da gari suka biyo ta zuwa arewa. Har ta kai a shekarun 1950 wani falken shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'a ya hau. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun katse wannan zumunci, amma da aka ajiye makamai a 1970 fatake suka koma. Yau za ka same su a kewayen titin Sokoto da titin Bida a Anacha, da Gariki a Inugu, da Diobu da Oyigbo a ɓangaren Fatakwal, da karar shanu ta Lokpanta a kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal.

To bari mu bi tirela guda ta albasa, mu ga hannu nawa take ratsawa.

An yi lodi a Aliero ta jihar Kebbi. Kayan ba na mutum ɗaya ba ne. Wani yana da buhu arba'in, wani goma sha biyar, kowa ya yi wa buhunsa lamba da fenti. Masu kayan ba sa bin motar. Ɗan kamasho ya haɗa su da direba, an rubuta takardar kaya, an ba direba rabin kuɗin mota da kuɗin hanya, saura sai ya sauke. Mota ta kama hanya, ta ratsa Lokoja, ta gangaro Asaba, tana tsayawa a shinge bayan shinge, nan rasit, can babu rasit. Ta haye gadar Neja ta shiga Anacha. Maigida yana jira. Shi ne mai masauki, shi zai sa 'yan dako su sauke, yaronsa ya ƙirga, a ware wadda ta fara ruɓewa. Dillali ya yi ciniki da matan da ke sara su kai kasuwar Ose da ƙauyuka. Wata ta biya nan take, wata ta ce sai ta sayar. Wanda ke Aliero bai san ta ba, ba zai taɓa ganin fuskarta ba. Maigida ne ya santa, shi ya tsaya mata. Idan ta gudu da kuɗi, daga aljihunsa zai cike. A ƙarshe a cire la'ada, a cire kuɗin sauke kaya, a cire kuɗin ƙasa da na ƙungiya, a tura wa kowa nasa.

Wannan jerin matakai, daga lodi zuwa shigar kuɗi asusu, shi masana harkar gudanarwa ke zana wa taswira a manyan kamfanoni, su auna inda lokaci ke ɓacewa da inda kuɗi ke zurarewa. Bambancin kawai, namu ba a takarda yake ba, a ka yake. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya nazarci cinikin shanu da goro, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya gano shi ne dukiya mai ɗimbin yawa tana yawo bisa bashi, ba kwangila a rubuce, ba zuwa kotu, kuma maigida ne ginshiƙin abin, domin mutuncinsa shi ne jinginarsa. Wanda ya ci amana, labari zai riga shi isa gida.

[SAUTIN KASUWA, SANNAN YA LAFA]

Masu sauraro, wannan tsari yana da shugabanci. Akwai Sarkin Hausawa, akwai shugaban kara, akwai sarkin fawa, akwai ƙungiyoyin 'yan gwari da na direbobi. Idan buhu biyar ya ɓata tsakanin Aliero da Anacha, an san gaban wanda za a zauna, an san wanda za a fara tambaya. Kuma ƙarfin wannan shugabanci ya fito fili a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta ƙasa ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki, tana kukan kashe mata mambobi da ƙona dukiya da karɓar haraji barkatai a hanya. Tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo a kudu, kayan gwari suka yi kwantai a arewa, sai da aka zauna teburin sulhu.

Amma kai ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Canjin kuɗin da Babban Bankin Najeriya ya yi, wanda ya jawo ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ya tura kusan kowa ga taransifa da na'urar POS, ko yana so ko ba ya so. Maigidan da a da yake ƙirga kuɗi a kan tabarma, yanzu wayarsa ce ke ƙara dare da rana: alat daga Moniepoint, alat daga OPay, wani da sunan mijin mai saye, wani da sunan mai POS na bakin kasuwa. Wanne kuɗin na wane buhu ne? Ga masu alat na bogi. Ga saƙonnin murya a WhatsApp, wani da Hausa, wani da Turancin buroka, wani da Ibo. Yaron da ke riƙe da littafi sai ya kai tsakar dare yana daidaita lissafi, kuma rigima da yawa tsakanin aminai daga nan take tashi, ba don wani ya yi niyyar cuta ba.

A nan ne masu tallar ƙirƙirarriyar basira ke cewa suna da magani. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 mutane suka saba da manhajar da za ka tambaya ta ba ka amsa. Wakili ya wuce nan. Shi ana ba shi aiki ne da mabuɗi: ya karanta saƙonni, ya leƙa asusu, ya haɗa alat da sunan mai bashi, ya rubuta a littafi, ya aika wa wadda ta makara tunatarwa, in an ba shi dama har ya tura kuɗi. Ba ya barci, ba ya gajiya da ƙirga. Ga maigidan da ke karɓar motoci da yawa a mako, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai akwai darasin da manyan kamfanoni suka koya da tsada. A 1990 wani masani a Amurka, Michael Hammer, ya ba da labarin kamfanin motoci na Ford, wanda ke da ma'aikata sama da 500 a sashen biyan masu kawo masa kaya, alhali kamfanin Mazda na Japan mutum 5 ke yi masa wannan aiki. Da Ford ya bincika, sai ya ga yawancin lokacin yana tafiya ne wajen sasanta takardu uku da ba sa jituwa: ta oda, ta karɓar kaya, da ta neman biya. Maimakon ya sayo kwamfutar da za ta hanzarta rikicin, sai ya sake tsarin gaba ɗaya, ya rage ma'aikatan sashen da kashi 75 cikin ɗari. Ma'ana, in tsarinka a hargitse yake, na'ura hargitsin za ta ninka maka. Idan ba a yarda tun farko da wanda ke ƙirga buhu da wanda ke tabbatar da ƙirgar ba, babu manhajar da za ta raba gardama.

[GAJEREN KIƊA]

Sai babbar tambaya: idan wakilin ya yi kuskure, wa za a kama?

An riga an gwada wannan a gaban shari'a. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta saurari ƙarar wani fasinja da manhajar hira ta kamfanin jiragen Air Canada ta ba shi bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikiti. Kamfanin ya nemi ya zame, yana nuna cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. Kotu ta yi watsi da wannan, ta sa shi ya biya. Malamanmu na fiƙihu ba za su yi mamakin hukuncin ba, domin babin wakalci ya daɗe da fayyace cewa abin da wakili ya aikata cikin iyakar da aka ba shi, yana kan wanda ya wakilta shi.

Kuma ku lura da abin da na'ura ba ta da shi. Dillali yana tsoron ranar da za a kira shi gaban Sarkin Hausawa. Yaron maigida yana tsoron a buga wa mahaifinsa waya a Wudil ko Potiskum. Manhaja ba ta da mutuncin da zai zube, ba ta da garin da za ta ji kunyar komawa. Don haka ba za ta iya tsaya wa kowa ba. Tana iya gaya maka cewa wance ta makara da kwana tara. Ba ta san an yi mata rasuwa ba, ba ta san shekara goma sha biyar ana ciniki da ita ba ta taɓa cin ko sisi ba. Tana iya lissafa maka cewa motar da ta tashi Asabar za ta iso Litinin. In ba a gaya mata ba, ba ta san cewa a Agustan 2021 aka mayar da Litinin ranar zaman gida a garuruwa da dama na kudu maso gabas ba, har direbobi suka koyi kwana a hanya su jira Talata.

Ga kuma 'yan damfara, su ma sun samu sabon makami. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da aka kwaikwayi fuska da muryar manyansa. In an iya yi wa wannan kamfani haka, saƙon murya mai kama da na Alhaji yana cewa a tura kuɗin mota wani sabon asusu ba abin wuya ba ne.

To mene ne abin yi? Duk maigida ko ƙungiyar da ke tunanin ɗaukar irin wannan wakili, akwai sharuɗɗan da ya kamata a zauna a amince da su kafin a ba shi mabuɗi.

Na farko, a rubuta tsarin aikin kamar yadda yake gudana a zahiri, mataki-mataki, da sunan mai alhakin kowane mataki.

Na biyu, a yanka masa iyaka. Ya karanta, ya lissafa, ya tunatar. Amma ba da bashi, da yafe bashi, da sauya asusun da ake tura kuɗi, waɗannan sai mutum ya sa hannu. In za a bar shi ya biya wani abu, a sa masa adadin da ba zai haura ba.

Na uku, wanda ya shigar da lissafi ba shi zai tabbatar da shi ba, mutum ne ko na'ura. Kuɗi mai nauyi kuwa, a kira mai shi a lambar da aka sani, a ji daga bakinsa.

Na huɗu, duk abin da wakilin ya yi ya bar sawu: me ya yi, yaushe, bisa umarnin wa. Ranar da aka je gaban shugaban kasuwa, wannan ne shaida. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Na biyar, a san mai ikon dakatar da shi nan take, ko da ƙaramin yaron shago ne ya ga abin da bai gane ba.

Na shida, sirrin mutane. Sunayen masu bashi da lambobinsu amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanai nauyin kiyaye su, ta kuma ba mutum damar ƙin yarda na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi. A tambayi mai sayar da manhajar: ina bayanan ke zuwa, wa ke iya gani?

Akwai kuma riba ga ƙungiyoyi. Da kowane direba zai riƙa aika saƙon murya duk inda aka tare shi, manhaja ta tattara wuri da rana da abin da aka karɓa, cikin 'yan watanni shugabanni za su shiga ofishin gwamnati da lissafi a hannu, ba da koke kawai ba. Wannan aiki ne da na'ura za ta yi da kyau, kuma ba ya buƙatar a miƙa mata asusun kowa.

[KIƊAN RUFE SHIRI YA FARA A HANKALI]

Masu sauraro, musamman iyayenmu da yayyenmu na kara da kasuwannin gwari a Fatakwal da Anacha da Inugu, muna son jin ta bakinku. Wane aiki ne a harkarku za ku yarda na'ura ta ɗauke muku, wanne ne kuma ba za ku taɓa sakar mata ba? Ku aiko mana da ra'ayoyinku, za mu karanta su a shiri na gaba. A madadin duk waɗanda suka haɗa hannu wajen shirya wannan shiri, nake cewa Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya.

[KIƊA]