Ƙwaron Hatsi: Ɓarawon da Ke Cin Rabon Mutum da na Dabba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Gaya, wani zai ce mi ya haɗa ma'aikatar kiwo da zancen ƙwaron hatsi? To, abin da ke cikin rumbu shi ke zuwa kwanon bisashe. Dusar shinkafa da ta masara da ta gero su ne ƙarfin ragon turka da saniyar tatsa da kaji a lokacin rani. In ƙwaro ya ɓata hatsi, ya ɓata dusa.

Wane ne wannan ƙwaro?

Ɗan ƙarami ne, tsawonsa milimita 3 zuwa 4, launinsa ja mai duhu, yana da dogon baki da ɗigo huɗu masu haske a bayansa. Yana tashi sama. Masana na kiransa Sitophilus. Akwai na shinkafa, akwai na masara, amma kowanensu yana cin shinkafa da masara da dawa. Na masara tun a gona yake fara shiga zangarniya, a kawo shi gida tare da amfani.

Yadda yake hayayyafa

Macen tana huda ƙwayar hatsi da bakinta, ta sa ƙwai ɗaya, ta liƙe ramin. Ido ba ya ganin komi. Ƙwan ya ƙyanƙyashe farar tsutsa marar ƙafa, ta zauna ciki tana cin garin ƙwayar har ta rikiɗa ta zama ƙwaro, sannan ya huda ya fito. In akwai zafi da laima, duka wannan bai wuce kwana 30 zuwa 35 ba. Mace ɗaya takan rayu wata 4 zuwa 5, ta yi ƙwai ɗaruruwa. Kun gani ke nan, ranar da ka ga rami a jikin ƙwaya, an riga an gama ɓarna a cikinta.

Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kuma laimar kogi a fadamun shinkafa irin na Tara. Wannan yanayi shi ƙwaron ke so.

Illarsa ga bisashe

Hatsin da ya huje ya rage nauyi da amfani, dabba na ci ba ta ƙiba. Abin da ya fi muni, inda ƙwari suka taru hatsi yakan ɗauki zafi da damshi, sai funfuna ta kama shi. Wata funfunar tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta. Agwagi da ƴan tsaki sun fi saurin mutuwa da ita, kuma tana bi ta nonon saniya ta kai ga yara. Dafuwa ba ta kashe ta. Saboda haka kada a ce “ya lalace, a ba dabbobi”.

Abin da ya kamata a yi

1. A yi girbi da wuri, kada amfani ya daɗe a gona bayan ya nuna.

2. A shanya sosai bisa tabarma ko leda. Ga gwaji mai sauƙi: a zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

3. A ajiye shinkafa da ɓawonta, a riƙa surfa ta kaɗan kaɗan. Ƙwaro na shan wuya kafin ya huda ɓawon da bai tsage ba.

4. A share rumbu ko mangaza, a ƙone shara, a liƙe tsaga. Kada a haɗa sabon hatsi da tsoho. A ɗora buhuna bisa itace, nesa da bango.

5. A hana ƙwaro iska. Tano ko jarka mai murfi, in an cika an rufe gam, ƙwarin ciki za su mutu. Haka buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, masu binciken INRAN na Maraɗi kuma suka gwada shi. Ba ya bukatar magani, sai dai a tsare shi daga ɓera da huji.

6. Dusa ba ta jimrin ajiya, musamman ta shinkafa mai maiƙo. A sayi daidai bukata, a shinshina kafin a biya.

Hattara da magani

Ƙwayar nan da ake sakawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, tana kashe mutum da dabba. Ba a sa ta a ɗakin kwana ko kusa da garke da akurki. Aikin wanda aka horar ne. Irin shuka da aka shafa wa jan magani kuwa, ko kaza kada a ba. In dabba ta ci ta soma dalala ko rawar jiki, a garzaya wurin ma'aikacin kiwo, a tafi masa da ledar maganin.

Rigakafi ya fi magani. A riƙa buɗe rumbu ana dubawa kowane sati biyu. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mana dukiyarmu.