KWAMFUTAR DA AKA AIKA AZARE TA ƘI TASHI: ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A TURA KUƊIN GYARA

Da yawa daga cikin 'yan ƙasar Katagum mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun san wannan labari. Mutum ya yi wata da watanni yana tara ɗan abin da ya samu a Mile 12 ko Agege ko Idi Araba, sa'an nan ya nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, ya sayi kwamfuta ta kan tebur, ya ɗora ta a mota zuwa Azare domin ƙanensa ya buɗe ɗan shagon buga takardu ya dogara da kansa. Ba a jima ba sai ga waya daga gida: an danna makunni, ko motsi ba ta yi ba. A turo kuɗin gyara, ko kuwa a sayi wata.

Kafin mai wannan dukiya ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya san cewa kwamfutar da ta ƙi tashi ba lalle ne ta mutu ba. Sau da yawa laifin ƙarami ne, wanda mai natsuwa zai iya gano shi a cikin rabin awa, ko da kuwa ta waya ake yi masa kwatance daga Kudu.

DALILIN DA YA SA ABIN YA ZAMA NA DAMUWA

Azare ta yau ba ta jiya ba ce. Tun shekara ta 1916 da aka mai da gadon sarautar Katagum daga tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, garin yake ta bunƙasa a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar jiha a Gadau nan kusa, sa'an nan a shekara ta 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a garin. Duk waɗannan ɗalibai suna bukatar wurin buga takardu. Har ila yau, hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'o'i ta fara gwada yin jarrabawarta a kan kwamfuta a shekara ta 2013, daga 2015 kuma ta daina ta fensir da takarda ɗungum. Saboda haka shagon da kwamfutarsa ta kwanta a lokacin cike takardun makaranta ya yi asarar kakarsa ta shekara, kamar manomin da garmarsa ta karye ranar da aka yi ruwan shuka.

Ƙasar kuwa tana da abokan gāban kwamfuta guda huɗu. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke shiga ko'ina. Na biyu zafin bazara, don a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40. Na uku tsawar damina. Na huɗu wutar lantarki mai hawa da sauka, ko ta layi ko ta janareta.

A FARA DAGA BANGO

Abin da za a fara tambaya shi ne: ba ta tashi ba ne sam, ko kuwa ta tashi allo ne bai nuna kome ba? In fanka tana juyawa, ƙaramar fitilar gaba ta kama, to wuta ta shiga, sai a koma ga allon kallo da wayarsa. In kuwa shiru kake ji kamar an shuka dusa, babu fanka babu fitila, to nan ne za a bi sawun wuta tun daga bango.

A cire fulogin kwamfutar, a jona fankar ɗaki ko cajar waya a wannan soket ɗin, a ga ko za ta yi aiki. In ana amfani da wayar jonawa mai baki da yawa, ko sitabilaiza, ko na'urar ajiyar wuta mai batir, a ajiye su gefe tukuna, a jona kwamfutar kai tsaye a bango. Na'urar ajiyar wuta musamman, batirinta yakan gaji bayan 'yan shekaru, zafi kuma yana rage masa kwana, sai ta hana wuta wucewa alhali kwamfutar lafiyarta lau. A kuma dubi ƙwan lantarkin ɗakin. In ya yi ja kamar garwashi, wutar ba ta cika ba, sai a jira ta daidaita.

Daga nan sai wayar wutar kanta. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda shi ne aka fi amfani da shi a Nijeriya, yana da ɗan fis a cikinsa, kuma aikinsa ke nan ya ƙone domin ya ceci na'ura. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari wayar allon kallo, don yawanci bakinsu iri ɗaya ne, a gwada da ita. An sha ɗaukar kwamfuta a kan babur zuwa wurin mai gyara saboda abin da bai wuce fis ba.

JAN MAKUNNIN DA KE BAYA

A bayan kwamfuta, inda wayar wuta ke shiga, akwai akwatin ƙarfe mai fanka wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ne ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa ƙaramar wuta mai ƙarfin bolt 12 da 5 da 3.3, wadda kayan ciki ke aiki da ita. Wasu suna da baƙin makunni mai alamar 1 da 0. A tabbata yana kan 1, don yakan dannu wajen ɗauka da saukewa a tasha.

Akwai kuma wani ɗan jan makunni a jikin tsofaffin kwamfutoci, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wannan shi ne ya kamata 'yan Kudu masu sayen tokumbo su sa wa ido ƙwarai. Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230. Kwamfutar da ta zo daga Amurka makunninta yana kan 115, in aka jona ta haka a Azare, sai a ji ƙara fau, a ga hayaƙi, fawa-fak ya tafi. A duba shi tun a kasuwa, a mai da shi kan 230 kafin a naɗe kaya. Na zamani da yawa ba su da wannan makunni, a jikinsu an rubuta suna karɓar daga 100 zuwa 240.

In duk wannan daidai yake, a cire waya daga bango, a danne makunnin gaba kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke ciki ta zube. Sa'an nan a cire duk abin da aka jona mata, injin buga takardu da filashi da sauransu, a mai da wayar wuta kaɗai, a gwada. Bakin filashi da ya karye ƙarafansa suka haɗu yana iya hana kwamfuta tashi.

IN ZA A BUƊE CIKI

A nan sai an yi hattara. A cire waya daga bango tukuna. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa kome a ciki, domin a lokacin hunturu jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda ke tartsatsi in an cire rigar sanyi da dare, ita kuwa ta isa ta kashe kayan ciki. Fawa-fak kuma kada wanda ba ma'aikacinsa ba ya kwance shi ko kusa, don akwai abubuwan da ke riƙe wuta mai haɗari a cikinsa bayan an cire shi daga bango.

Tafiya daga Ikko zuwa Azare ta fi kilomita dubu, ga gargada, saboda haka ba abin mamaki ba ne wani abu ya saki. A duba babbar wayar nan mai ƙafa 24 da ke shiga babban faifan ciki, wanda ake kira bod, da ƙaramar mai ƙafa 4 ko 8, a danna su har su zauna daram. A zare ram, watau 'yan siraran faifan nan da ke tsaye a jere, a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi mai laushi, a mai da guda ɗaya a gwada, in ba ta tashi ba a musanya da ɗaya. Kada a sa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma. A jikin bod akwai batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. In ya mutu agogon kwamfuta yakan rikice, wasu ma sukan ƙi tashi, ga shi kuwa ba ya da tsada.

A sa hanci da ido kuma. Warin ƙuna, ko baƙin tabo, ko ƙananan gwangwanayen nan da ake kira kafasita in kansu ya kumbura, duk alamu ne cewa aiki ya koma na mai gyara.

ABIN DA ZA A NEMA WURIN MAI GYARA

Mai gyara na kirki ba ya yanke hukunci da ido. Zai gwada makunnin gaba, don shi ma yakan lalace, ta hanyar haɗa ƙafafunsa biyu a jikin bod da bakin sukundireba. Zai raba fawa-fak da kome, ya haɗa koriyar waya da baƙa ya ga ko fankarsa za ta juya, sa'an nan ya sa mita: ruwan ɗorawa ta ba da 12, ja ta ba da 5, ruwan lemo ta ba da 3.3. Wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP nasu tsarin wayar daban ne, sai a gwada su da irin nasu. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a sa wani fawa-fak mai lafiya a gani. In ta tashi, magana ta ƙare. Sai bayan an bi duk waɗannan ne za a ɗora laifi a kan bod, wanda shi ne mai tsada. Duk wanda aka ce masa bod ya ƙone tun ba a sa mita ba, yana da hakkin ya nemi a gwada a gabansa, ko ya kai wani wuri.

Wani abu kuma da ke kwantar da hankali shi ne, yawanci ayyukan da aka ajiye suna nan ko da kwamfuta ba ta tashi ba, domin suna cikin faifan ajiya ne. Ana iya cire shi a jona a wata kwamfutar a kwashe takardun mutane. Kada a yarda a goge shi da sunan gyara, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan da kwamfuta faifan yana ciki, don sirrin jama'a ne a ciki, amana ce.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Mai aikawa daga Kudu ya sa a kunna masa kwamfutar a shago ta yi aiki a gabansa, ya karɓi rasit, ya naɗe ta da kyau, ya haɗa da sitabilaiza. Mai karɓa a gida kuma ya ɗaga ta daga ƙasa, ya bar mata sarari ta baya ta sha iska, ya rufe ta da ƙyalle bayan ta huce. In hadari ya taso a cire ta daga bango gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba. In za a ta da janareta a bari muryarsa ta daidaita kafin a jona ta, a kuma kashe ta kafin a kashe shi. Sa'an nan a riƙa kwafe muhimman ayyuka a wani wuri dabam. A yi wannan duba tun kafin lokacin cike takardu ya zo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da aka tara da gumi a Kudu bai kamata ya salwanta saboda fis ko jan makunni ba. Allah ya sa albarka a cikin nema, ya kuma sada kowa da iyalinsa lafiya.