Kafin Ka Buɗe Protégé, Rubuta Tambayoyinka

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a tsakanin ɗaliban kwamfuta. Da an ce a gina ontoloji, wato tsarin da ke fayyace wa na'ura abubuwan da ke cikin wani fanni da alaƙarsu da juna, sai mutum ya buɗe manhajar Protégé ya hau jero sunaye ɗaruruwa, a ganinsa yawan rassa shi ne gwaninta. Wannan aikin baban giwa ne. Tun a 1995 Michael Grüninger da Mark Fox na Jami'ar Toronto suka nuna cewa da tambayoyi ake farawa: me ake son tsarin ya iya amsawa? Duk rukunin da ba ya taimakon tambaya ko ɗaya ba shi da gurbi.

Gene Ontology, wanda masana halittu a duniya ke dogaro da shi yau, ya faro ne a 1998 daga masu binciken ƙuda, ɓera da yis, da buƙata ɗaya tak: su bayyana aikin ƙwayoyin gado da lafazi iri ɗaya. Rassa uku suka wadatar. Shi kuwa Cyc, wanda Douglas Lenat ya fara a 1984 don tattara dukan sanin yau da kullum na ɗan Adam, ya ci shekaru gommai ana zuba masa dokoki, bai samu irin wannan karɓuwar ba. Masu ja za su ce ƙananan tsaruka ba sa fahimtar juna, kuma da gaskiyarsu. Amma maganin shi ne aron abin da aka riga aka gina. Mai aikin asibiti da ya ƙi duba SNOMED CT, wato tsarin sunayen fannin lafiya da aka riga aka gina, ya ƙirƙiro nasa sunayen cututtuka, shi ya jawo rashin jituwar da yake kuka da ita.

Ƙarancin kuɗi da na ƙwararru ma suna taka rawa wajen gazawar irin waɗannan tsaruka. Abin da ke hannunka dai, ka zauna da masu aikin, likita ne ko malamin gona, ka rubuta tambayoyin da suke yi kullum. Kowane layi ka ja tsakanin rukunai biyu, ka tambayi kanka: wannan nau'in wancan ne, ko ɓangarensa? Idan ka sa taya a ƙarƙashin mota a matsayin nau'i, na'ura za ta yanke hukuncin cewa taya tana da inji, tana kuma shan mai, domin ƙaramin rukuni yana gadon siffofin babba. Sannan ka zuba bayanai na gaske, ka jefa wa tsarin tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, inda ya kasa ka koma ka gyara.